Kunkurun Hanyar Buji

Na san sunayen da kuke kiran motar nan da ke ƙarƙashin darbejiya idan ba na kusa. Nura yana ce mata akurki, saboda kajin uwarku sun mai da ƙarƙashinta wurin shan iska. Sadiya kuwa a gabana ta nuna wa mijinta ita, ta ce wai “kuskuren Baba ke nan.” To, tunda rubutun tarihina ya kawo ni kanta, bari in gyara zancen kafin ku gaje shi a karkace. Zan yi ƙoƙarin faɗin gaskiya tsagwaronta, ko da yake kun san ba fannina ba ne. Duk Dutse an san Alhaji Sabo mai kayan gini. In na ce mutum dubu sun zo ɗaurin aure, sai a raba gida goma. In na ce macijin ya kai tsawon falwaya, to tsutsa ce ta yi ƙiba. Abokaina na majalisa sun daɗe da haddace wannan lissafi, uwarku ma tun satin farko ta koye shi. Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa raba maganata ba, shi ne kakanku, Malam. A wajensa abin da ɗansa ya faɗa haka yake. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin ya tsaya.

A shekarar da fetur ya yi tsadar da sai ka yi wa galan sallama kafin ka taɓa shi, wani dillali a Kano ya kira ni ya ce ya samo mini motar da ba ta shan mai ko ɗigo, wutar lantarki kawai take ci kamar waya. Na je na gan ta. Wallahi yara, ko yanzu in na tuna ranar sai in ji zuciyata ta yi sanyi. Baƙa ce wul, doguwa, tana sheƙi har na gyara hulata a jikin ƙofarta. Kujerun fata ne, kuma akwai wani maɓalli da in ka danna, kujerar ta riƙa mammatsa maka baya kamar kana da jika mai biyayya. A gaba ga wani allo ya kai farantin tuwon gidan biki. Dillalin ya ce motar manyan Turawa ce, ta yi shekara goma a can, shi ya sa kuɗinta ya faɗo har ya zo daidai aljihun irinmu. Ya ƙara da cewa, a can ƙasan maƙoshi, batirin “ya ɗan manyanta.” Ni kuwa a lokacin kujera tana matsa mini baya, ban ji wannan ba. Na tambayi launin fata, na tambayi ƙarar rediyo, ban tambayi abu ɗayan da ya kamata a tambaya ba.

Ranar da na shigo da ita gida, uwarku tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Shekara ashirin da ƙarar tsohuwar motata take sanin na dawo, tun daga kwanar layi. Wannan kuwa ta sulalo har bayanta ba ko tari. Ta waiwayo ta ga baƙin abu a kanta, tire ya yi sama, kaji suka yi walima.

“Innalillahi! Baban Nura, turo ta aka yi?”

“Da ƙafarta ta zo, Hajiya. Haka motocin masu ilimi suke, ba su da surutu.”

“To Allah ya sa mai ita ya yi koyi da ita.”

Bayan kwana biyu na kai ta garejin Bala, bakaniken da ya yi shekaru yana duba mini mota, don ya sa mata albarka. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya sake leƙawa, sannan ya rufe a hankali kamar wanda ya buɗe ɗakin da ba nasa ba. A wurin da inji ya kamata ya zauna, wani but ne na biyu, wurin ajiye kaya, da shimfiɗa a ciki.

“Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. An sace maka inji tun a Kano.”

“Haka aka haife ta, Bala.”

“To ranar da ta yi ciwo kada ka kawo ta nan. Ka kai wa masu gyaran waya na kasuwa.”

Maganarsa ta zama gaskiya, don duk faɗin Jigawa ban sami mai iya taɓa cikinta ba. Ga kuma batun caji. Dillali ya manta bai tuna mini cewa motar da ke cin wuta tana bukatar garin da ake kawo wuta ba. Sai ga ni ina sayen fetur ina zuba wa janareta, janareta yana kuka yini guda, don ya ciyar da motar da ba ta shan fetur. Maƙwabcina Idi tela kullum sai ya leƙo ta katanga ya ce, “Alhaji, ana shayar da jaririyar?” Amma kada ku ɗauka duk wahala ce. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba layin gidan mai. In ka taka ta, tafiya take kamar an zuba mai a faranti. Na taɓa wuce wata babbar mota a hanyar Kiyawa, kafin direban ya gama ƙifta ido na isa gida na ci abinci. Wannan ku raba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Malam. Kakanku a lokacin ya haura tamanin, yana zaune a gidansa na Limawa, magidanta suna zuwa zaurensa ɗaukar karatun littattafai. Yana da ciwon fuka, kuma warin fetur da jijjigar inji su ne abokan gabarsa. In ya shiga mota, kafin a kai shatale-tale ya fara haki, jiri ya ɗebe shi, sai an tsaya. Shekara goma sha biyu bai fita Dutse ba. Da na kai masa motar ya yi mata addu’a, na lallaɓa shi ya shiga baya, na ja a hankali. Muka wuce masallaci, muka hau titi, duwatsu suna wucewa ta taga, shi kuwa yana zaune da carbi yana jira.

“Mai-suna,” haka yake kirana, don sunan mahaifinsa na ci, “ka tayar da ita mana mu tafi.”

“Malam, ai mun kusa sakatariya.”

Ya leƙa waje, ya ja numfashi mai tsawo, ya sake ja, babu tari. Sannan ya ce, “Wannan ai ana iya tilawa a cikinta.” Daga ranar motar ta zama tasa, ni direba. Wutar Limawa ta fi ta unguwarmu zama, sai na riƙa kwanar da motar a ƙofar gidansa tana caji, ina bar masa makulli. Ita kuma irin motar nan ce da in makulli yana aljihunka, kana buɗe ƙofa esi mai hura sanyi zai kama da kansa. A zafin bazara sai Malam ya shige baya da littafinsa, ya yi ta karatu cikin sanyi. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, don haka a ganinsa ba abin da take ci.

Akwai abin da ba ku sani ba, don ba a zancensa a gidanmu. Mahaifin kakanku, wato wanda na ci sunansa, ya rubuta Alƙur’ani da hannunsa, yana cikin wata jar gafaka ta fata. Kafin ya rasu ya ce a bai wa ƙaramin ɗansa, Baffa Ilu, don shi ne ya fi haddar. Malam kuwa shi ne babba, yana ji da ƙuruciya, da zai baro ƙauyenmu da ke bayan Buji sai ya saɓo gafakar ya taho da ita Dutse. Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba. Baffa Ilu dai bai ƙara taka Dutse ba, Malam ma in ya je ƙauye gaisuwar tsaye suke yi, har ciwo ya zo ya ba shi dalilin daina zuwa gaba ɗaya. Shekara hamsin da wani abu ana haka. Rannan sai ga saƙo daga ƙauye cewa Baffa yana kwance, jiki ya yi nauyi, ya daina cin abinci. Na ce wa Malam ya kawo in kai ko mene ne a madadinsa.

“Da hannuna na ɗauko, da hannuna zan mayar,” ya ce. “Motar nan za ta kai mu gobe?”

Nan ne ya kamata in ce: Malam, batirinta tsoho ne, lambar da take nunawa a allo ba ta cika alkawari, sai an cika ta taf kuma an tafi kai tsaye. Amma baki ya riga ya saba.

“Malam, wannan? Da caji ɗaya sai ta je Maiduguri ta dawo, ta kuma tambaya ko akwai sauran aike.”

“Alhamdu lillahi. To mu miƙa, mu gaisa, mu juyo kafin la’asar. Ba kwana zan yi ba.”

Washegari wata motar siminti ta riƙe ni a shago, ban iso Limawa ba sai wajen ƙarfe goma. Na tarar da Malam a bayan mota, ya sha farar babbar riga da rawani, gafaka a kan cinyarsa, ƙofa a buɗe yana amsa gaisuwar masu wucewa, esi yana ta hura wa unguwar Limawa sanyi kyauta. Tun da ya fito daga sallar asuba yake zaune a wurin. An kuma ɗauke wuta tun jiya, cajin bai cika ba. Na dubi allo, na ga lambar ta yi ƙasa sosai. In an tafi kai tsaye, aka kashe esi, aka yi ta salati, wataƙila a kai. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yadda ya riƙe gafakar nan da hannu biyu. Na ce, “Bismillah,” na ja.

Ba mu yi nisa ba ya ce in tsaya ya gaisa da wani tsohon ɗalibinsa mai sayar da itace. Kun san gaisuwar Malam, sai an tambayi lafiyar kowa har akuya. Muka ƙara gaba, ya ce akwai wata ta’aziyya da ake binsa a wani ƙauye, “nan kusa ne, a ratse kawai.” Nan kusan nan rairayi ne zalla, mota tana nishi a ciki, lamba tana zubewa kamar an huda buhun gero. A lokacin haushi nake ji a ɓoye. Sai daga baya na gane ba ta’aziyya ce ta dame shi ba. Dattijon da manyan mutane ke durƙusa masa, tsoron haɗa ido da ƙaninsa yake yi, yana ta neman abin da zai ja hanya. Shi kuma a saninsa yana cikin motar da ke zuwa Maiduguri ta dawo.

Mun wuce Buji, mun sauka daga kwalta mun hau burji, rana tana tsakiyar ka, sai motar ta yi wani ɗan ƙara mai ladabi. Wani hoto ya fito a allo, ruwan ɗorawa. Na taka totur, ta ƙi, sai rarrafe.

“Mai-suna, wace dabba ce wannan a allon?”

“Kunkuru ne, Malam.”

“Me ya kawo kunkuru cikin mota?”

“Yana nufin... ta gaji. Wutar ta ƙare.”

“Wadda ke zuwa Maiduguri?”

Na gangara gefen hanya, na samu na cire ta daga giya kafin ta ida mutuwa. Esi ya ɗauke. Shiru ya sauka, irin wanda ban taɓa ji ba, ni da ba na barin shiru ya zauna a wuri. Ga ƙauyen can, ana hango kan rimin ƙofar gari, amma tafiyar ta fi ƙarfin mai shekara tamanin da ciwon fuka a wannan rana. Ba sabis a waya, ba mota a hanya. Na juyo, na kasa kallon fuskarsa, sai gafakar na kalla.

“Malam, ƙarya na yi maka. Ba ta zuwa Maiduguri, ko sabuwa ce. Haka nake magana, kowa ya sani. Mutane raba zancena suke yi gida goma, su ɗauki ɗaya.”

“Tun yaushe?”

“Tun ina yaro.”

“Ni ba wanda ya gaya mini.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya buɗe ƙofa, ya sauko, ya rataya gafaka a kafaɗa, ya kama hanya da sandarsa. Na bi shi ina roƙo, ina cewa ya zauna a inuwa in ruga in samo babur, ya ce bayansa ba ya ɗaukar babur, kuma wanda ke kwance can ba shi da lokacin jiran dabarata. Taku talatin ya yi, na ƙirga, sai numfashi ya fara yi masa fito. Ya dafa wata bishiyar aduwa. A ranar na san nauyin wasa, don na ga yana iya hana tsoho biyu ganawa har abada.

Allah da ikonsa, sai ga amalanke ta ɓullo daga wata gona, bijimai biyu farare suna ja, an sauke taki ana komawa gida. Mai ita wani dattijon Bafillace ne, Malam Buba. Ya tsaya, ya sauko, ya durƙusa ya gai da Malam, yana ce masa Modibbo, wato malami da harshensu. Ya ce a hau amalanke, amma warin taki da jijjigar ba za su bar ƙirjin Malam lafiya ba. Ya zagaya motar sau biyu, ya ƙwanƙwasa ta da sanda kamar mai tayin saniya.

“Mai ne ya ƙare, Alhaji?”

“Ba ta shan mai.”

“To me take ci?”

“Wuta.”

Ya dube ni, ya dubi Malam, ya ga dai Malam bai musa ba. “Nawa ciyawa suke ci,” ya ce, “kuma ba a ɗauke ta.”

Ya kwance amalanken ya bar ta a gindin aduwa, muka ɗaura igiya a ƙugiyar gaban mota, Malam ya koma mazauninsa, na riƙe sitiyari. Haka motar manyan Turawa ta kama hanyar ƙauyenmu, da gudun da kaza ta wuce mu ta waiwayo. Tagogi a buɗe, ba abin da ake ji sai takun kofato da Malam Buba yana yi wa shanunsa magana. Can sai na ji muryar Malam daga baya, a hankali, ba kamar da ni yake ba. Ya ce a wannan hanyar mahaifinsu yake ɗora su kan takarkari shi da Ilu in za a ci kasuwa, Ilu a gaba don ƙarami ne, shi a baya yana riƙe da shi kada ya faɗi. Ya nuna inda wata rijiya take a da, da inda suka taɓa satar ɗinya aka zane shi shi kaɗai, don ya ce shi ya aiki ƙanin. Ban taɓa jin Malam ya ba da labarin yarintarsa ba sai ranar. Da da gudu muka zo, da ba inda zai sa wannan zancen.

Muka shiga gari, duk wanda ke da ƙafa ya fito kallo. Baffa Ilu yana kwance a zaure kan tabarma, ya rame har ban gane shi ba, idonsa ma ya tafi. Malam ya yi sallama ya tsaya daga bakin ƙofa.

“Muryar Yaya nake ji?”

“Ni ne, Malam Ilu.”

“An ce mini ɗanka ya sayi motar da ba ta ƙara. Ni kuwa kofato na ji.”

“Ita ce,” in ji Malam. “Sai da ta ga gida ta tuna asalinmu.”

Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Malam ya tako, ya durƙusa, shi da yake babba, ya ɗora masa gafakar a ƙirji. Baffa ya shafa fatar, ya shafa igiyar, ya kai hanci ya sansana.

“Na riƙe maka abinka shekara hamsin,” in ji Malam. “Ka yafe mini.”

“Ai ni yana kaina, Yaya, ban rasa ko wasali ba. Kai na rasa.”

Na fita na ba su wuri, na je na tsaya ina yi wa bijiman Malam Buba godiya ɗaya bayan ɗaya, don ba na son a ga fuskata.

Da aka yi azahar Malam ya kira ni, ya koma muryarsa ta kullum, ya ce yaya batun komawa kafin la’asar. A garin akwai mai cajin waya da ɗan janaretansa, kuma na san in na hau babur zuwa Buji zan iya samo babba, ko in kira a zo a ɗauke mu gobe da sassafe. Amma na leƙa zauren na ga Baffa ya tashi zaune, ya karɓi kofin kunu, hannunsa ɗaya yana riƙe da gefen rigar yayansa. Sai na gyara tsayuwa na yi abin da na fi iyawa.

“Malam, da wannan ɗan janaretan, motar nan ba za ta farfaɗo ba sai ta kwana uku. Ko injiniyoyin duniya za a tara.”

Ya dube ni ta ƙasan rawani.

“Mai-suna, in na raba wannan gida goma kamar yadda ka koya mini ɗazu, ai yau za mu koma.”

Na sunkuyar da kai.

“To ni ban iya lissafi ba,” ya ce. “A shimfiɗa mini tabarma kusa da tasa.”

Kwana uku suka yi, ɗaya yana buɗe warƙa yana karantawa, ɗaya yana gyara masa da ka, suna musu kan wanda ya fi shan bulala a wajen mahaifinsu. Baffa Ilu ya rasu bayan sati biyu. Malam ya bi shi da daminar da ta zagayo. Allah ya jiƙansu, ya haɗa su a inda ba a rabuwa.

Saboda haka in wani cikinku ya ga irin motar nan da araha, ba zan hana shi ba. Daɗinta gaskiya ne, shirunta gaskiya ne. Amma ya tambayi batiri kafin ya zauna a kujera, don kujerar tana rufe kunne. Ya tanadi sola a gidansa, ya san wanda zai gyara masa, kuma kada ya yarda da lambar allo, halinta ɗaya da ubanku. Tawa yanzu daga gida zuwa masallacin Limawa ne iyakarta, a dawowa ma kunkuru ke rako ni. Masu saye sun zo har sau uku saboda fitilu da kujeru, na ce su sha ruwa su tafi. Wani lokaci da la’asar nakan kori kajin, in buɗe ƙofar baya in zauna a gefen da ba nasa ba. Har yanzu akwai ɗan lotsawa a inda yake zama.

In na tafi ku sayar da ita, ban hana ba, amma ku gaya wa mai saye gaskiyar batirin. A majalisa nakan ce bijimai goma sha biyu ne suka ja mu, har da makaɗa a gaba. Biyu ne. Sauran abin da ke cikin wannan babi kuwa, Nura, Sadiya, kada wanda ya raba shi. A yadda na ba ku shi haka yake.